Ɗacin Maɗaci da Zazzaɓin Damina: Me Masana Suka Gano Cikin Itatuwanmu?

Unguwar Koki tana cikin ganuwar birnin Kano, tafiyar ƙafa kaɗan daga kasuwar Kurmi, kuma tun zamanin ayarin Gwanja aka san ta da fatauci. A nan ne Alhassan Ɗantata ya kafa gidansa, a gefen da ake kira Sarari, ya zauna har rasuwarsa a 1955. Fataken da suke kawo goro daga kudu ba goro kaɗai suke ɗaurowa ba. Cikin kayansu akwai masoro da kimba da citta, waɗanda uwargida takan sa a miya yau, gobe kuma ta jiƙa wa mai mura. Kasuwar Kurmi kuwa, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa cikin ƙarni na 15, har wa yau tana da rumfunan masu sayar da itatuwan magani: ga sassaƙen maɗaci ja wur, ga bagaruwa a kwando, ga saiwar tafashiya, ga ɓawon hano da na marke an ɗaure dami-dami.

Da ruwa ya sauka, daga Yuli zuwa Oktoba, cinikin waɗannan rumfuna yakan ƙaru, gama lokacin zazzaɓi ne. Birnin yana da kududdufai da aka haƙa tun dā don ƙasar gini, ga kuma ruwan sama da yake kwanciya a lunguna. Abin lura shi ne, sauron da yake kawo zazzaɓi ya fi son irin wannan ɗan ruwan sama da rana take bugawa a kan ƙazamin ruwan kwata. Masu zuwa sayen magani ba mutanen birni kaɗai ba ne. Akwai 'yan'uwanmu masu bi daga Sabon Gari da sauran unguwannin waje, musamman mata, waɗanda sukan saya su ɓoye a ƙasan jaka, domin ba su tabbata ko fasto zai ji daɗin ganinsa ba.

To, tambaya biyu ce a zuciyar irin wannan mace. Ta fari, ko ya halatta ga mai bin Almasihu ya sha jiƙon itace? Ta biyu, wadda ta fi nauyi domin ran yaro yana rataye a kanta, ko jiƙon yana kashe cutar da gaske?

Ta farin ba ta da wuya. Itace halittar Allah ne, ba na boka ba ne, ba kuwa na iskoki ba. Littafin Fitowa sura 15 ya ba da labarin yadda Ubangiji ya nuna wa Musa wani itace a Mara, ya jefa shi cikin ruwa mai ɗaci, ruwan ya shawu. A Ishaya 38:21 annabi da kansa ne ya ce a ɗora curin ɓaure a kan marurun Sarki Hezekiya. Abin da mai bi zai guje wa shi ne tsafin da waɗansu suke haɗawa da maganin, wato yanka, da laya, da kiran sunan iska. Ɓawon kansa bai yi wa kowa laifi ba. Amma Littafin nan da ya faɗi labarin Mara shi ne kuma ya faɗi na Gilgal a 2 Sarakuna sura 4, inda wani daga cikin almajiran annabawa ya tsinko 'ya'yan wani tsiron jeji da bai sani ba, ya yanka cikin tukunya, jama'a suka ɗanɗana suka ce akwai mutuwa a ciki. Shi ya sa tambaya ta biyu take bukatar a zauna a kanta.

Ɓawon da ya buɗe Kwara

Tarihin ikkilisiya a ƙasar nan ma yana da ɓawon itace a cikinsa. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara. Cikin tawagar akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop, da J. F. Schön, wanda ya duƙufa kan koyon Hausa har ya buga littafin kalmominta a 1843. Zazzaɓi ya faɗa musu, kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawan suka mutu, tafiyar ta watse. Bayan shekara 13, a 1854, jirgin Pleiad ya hau Kwara da Binuwai a ƙarƙashin wani likita, William Baikie, Crowther kuma yana ciki. Baikie ya sa mutanensa shan kwinin kowace rana. Sun yi kimanin wata huɗu a kogi, suka komo ba wanda ya mutu. Wannan Baikie ne ya zauna a Lokoja, ya fassara sassan Littafi Mai Tsarki da Hausa, har ya zo Kano a 1862. Zazzaɓi bai daina cin 'yan mishan ba, gama a 1894 Thomas Kent, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara aikin S.I.M., ya rasu da shi a Bida. Amma kwinin ya nuna cewa cutar tana da makari.

Kwinin kuwa daga ɓawon wani itace yake mai suna sinkona, wanda yake fitowa a duwatsun Peru da Bolibiya a Kudancin Amurka. Limaman Katolika 'yan Jesuwit ne suka yaɗa garin ɓawon a Turai cikin ƙarni na 17. Abin dariya, abin kuma takaici, Furotesta da yawa a Ingila sun ƙi shi da fari, ba don ba ya aiki ba, sai don hannun da ya kawo shi. Mu da muke zaune tsakanin maƙwabta masu wani addini, ya kamata wannan ya zame mana abin tunani sa'ad da muke tsaye gaban rumfar mai magani a Kurmi.

Garin ɓawon yana da matsala guda, ita ce kuma matsalar dukan jiƙon da muke sha har yau. Wani ɓawo yana da ƙarfi, wani kusan ba kome a cikinsa, ido kuwa ba ya rarrabewa. Sai a 1820 masana biyu a Faris, Pelletier da Caventou, suka ware sinadarin da yake aikin daga sauran tarkacen ɓawon, suka ba shi suna kwinin. Daga nan ne likita ya iya aunawa, ya ce babba ya sha kaza, yaro kaza. Daga baya an gane girman bambancin. Irin da wani mutumin Bolibiya, Manuel Incra Mamani, ya tara wa Baturen fatake Charles Ledger, wanda Holandawa suka saya a 1865 suka shuka a tsibirin Jaba, ya ba da itatuwan da kwinin ɗin ɓawonsu ya kai kashi 10 cikin 100 har ya wuce, alhali sauran iri ba sa kai ko kusa da haka. Duka sunansu sinkona, duka suna da ɗaci.

Maɗaci da darbejiya

Bahaushe in zai kwatanta ɗaci sai ya ce kamar maɗaci. Turawan Faransa da suka tarar mutanen Senegal suna shan ɓawonsa don zazzaɓi sun ɗauka sun sami sinkonar Afirka, har suka laƙaba masa wannan suna. A 1849 Eugène Caventou, ɗan wancan da ya ware kwinin, ya bincika ɓawon maɗaci ya fitar da abu mai ɗaci daga cikinsa. Amma ba kwinin ba ne, bai kuwa taɓa maye gurbin kwinin ba. Yanzu an san cewa ɗacin maɗaci daga wani rukunin sinadarai yake da ake kira limonoyid, dangin abin da yake sa ƙwallon lemo ɗaci. Maɗaci da darbejiya 'yan gida ɗaya ne a wurin masana tsirrai, kuma dukansu suna cike da wannan rukuni.

Darbejiya, ko dogon yaro, baƙo ne a ƙasarmu, ko da yake ya zama ɗan gari. Asalinsa Indiya ne da maƙwabtanta, a 1928 ne kuma aka kafa shi a lardin Barno, daga nan ya bazu ko'ina don inuwa da tare hamada. Ke nan kakannin kakanninmu ba su san shi ba. Cikin 'yan shekaru mutanenmu suka ɗanɗana ganyen, suka ji ɗaci, suka sa shi cikin magungunan zazzaɓi, ana dafawa a sha, ana kuma yin sirace da shi. Wannan ya nuna cewa maganin gargajiya ba abu ne da ya sandare wuri ɗaya ba, yana karɓar sabo in ya ga alamar amfani.

Masana sun fitar da sinadarai masu yawa daga darbejiya. A 1942 Salimuzzaman Siddiqui ya ware nimbin daga mansa a Indiya. A 1968 aka ware azadiraktin a Jami'ar Keele ta Ingila, shi ne yake hana fara da ƙwari cin ganye, shi ya sa manomi yake zuba ganyen a rumbu. Wanda ya shafi zazzaɓi kuwa sunansa gedunin, kuma labarinsa ya biyo ta Nijeriya. Masu binciken katako na Jami'ar Ibadan ne suka fara samo shi wajen 1960 daga wani itacen kurmi, ɗan'uwan maɗaci, wanda 'yan katako suke kira gedu noho, daga nan sunan ya fito. A 1989 wani bincike da masanin Sudan Sami Khalid ya jagoranta ya nuna cewa gedunin na darbejiya yana kashe ƙwayar zazzaɓi mai tsanani, wadda ake kira falsifarum, a cikin kwalabar gwaji.

A nan ne mai karatu zai yi hattara, domin a daidai nan masu tallar magani da lasifika suke tsayawa da labari. Kashe ƙwaya a cikin kwalaba abu ɗaya ne, kashe ta cikin jinin ɗan adam abu ne dabam. A kwalaba sinadarin yana taɓa ƙwayar kai tsaye. A jiki kuwa sai ya tsira daga ruwan ciki, ya ratsa hanji, ya wuce hanta wadda aikinta ke nan ta farfasa baƙon abu, sa'an nan ya zauna cikin jini da yawan da ya isa, har tsawon kwanakin da ake bukata. Gedunin ba ya narkewa sosai a ruwa, saboda haka tukunyar ganye ba ta fitar da shi da yawa. Da aka gwada shi a kan ɓeraye masu zazzaɓi, ya rage ƙwayoyin, bai share su ba. Har yanzu ba wani sinadari daga darbejiya ko maɗaci da ya zama tabbataccen maganin zazzaɓi na asibiti.

To, me ya sa mutum yakan sha jiƙo ya ji sauƙi? Dalilai sun fi ɗaya. Waɗansu itatuwan suna sauko da zafin jiki da rage ciwon gaɓoɓi, sirace kuma yana sa gumi. Babba wanda sauro ya cije shi tun yana goye ya riga ya sami ɗan garkuwa, jikinsa yakan danne cutar ko da taimako kaɗan. Sa'an nan ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin sauro ba, wani mura ce da za ta wuce da kanta. Yaro ɗan shekara biyu ba shi da wannan garkuwa, mace mai ciki kuma tata takan ragu. Abin da ya tashi kakan yaro daga tabarma yana iya barin jikan a kwance.

Wata masaniya Ba'amurkiya, Nina Etkin, tare da Paul Ross, ta zauna a wani ƙauye kusa da Wudil tun daga tsakiyar shekarun 1970, tana rubuta tsirran da Hausawa suke amfani da su. Abin da ta fi jawo hankali a kai shi ne, yawancin tsirran maganin zazzaɓi su ne kuma ake ci a miya da kwaɗo, musamman da damina sa'ad da hatsi ya yi ƙaranci, zazzaɓi kuma ya yi yawa. Ba ta raina ilimin mutanen ƙauyen ba ko kaɗan. Kafin ita, akwai Dokta John Dalziel, wanda ya yi aikin likitan mishan a ƙasar Sin kafin ya zo Arewa a matsayin likitan gwamnati. Shi ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916, da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Itacen hano, wanda waɗansu suke kira ararraɓi, da sunan wannan likita masana suke kiransa, kuma ɗan'uwa ne ga itacen da ake samun lubban, irin wanda masanan gabas suka kawo wa jariri Yesu.

Darasi daga majema

Wajen ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya, wato masu kawo ruɓar miki, da ciwon dasashi, da taifot, da wani irin gudawa, labarin itatuwanmu ya fi daɗin ji, in dai an san iyakarsa.

Yadda ake gwajin ba shi da wuyar ganewa. Ana shuka ƙwayoyin a kan wani faranti mai abinci kamar kamu, a ɗiga ruwan itacen a kan 'yar takarda, a ajiye a tsakiya, a bar shi ya kwana a wuri mai ɗumi. Da safe in an ga fili kewaye da takardar inda ƙwayoyin suka kasa tsirowa, to itacen yana da abin da yake hana su. Ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano sun yi irin wannan gwaji ba iyaka, kuma bagaruwa da marke da sabara suna cikin waɗanda sukan ba da fili.

Dalilin yana hannun majeman Kano tun ɗaruruwan shekaru. Da garin bagaruwa suke jeme fatar akuya, fatar nan da ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Abin da yake cikin bagaruwa sunansa tanin, shi ne yake sa baki ya yi bauri. Aikinsa shi ne ya kama naman fata ya ɗaure shi, har ƙwayoyin ruɓa su kasa cinsa. Abin da yake yi wa fatar akuya shi yake yi wa bakin miki da dasashi mai jini, yana ƙanƙance wurin, yana hana ƙwayoyi sakewa. Saboda haka tsohuwar da take dafa bagaruwa don kurkure baki ko wanke ƙurji tana da hujja. Haka mai goge haƙori da marke, ko da aswaki, wanda masu bincike a ƙasar Suwidin suka nuna a 2011 cewa saiwarsa tana fitar da wani sinadari mai yaji, dangin na mastad, mai kashe ƙwayoyin dasashi. A Jami'ar Ife ma, a farkon shekarun 1970, Farfesa Abayomi Sofowora da abokan aikinsa suna gwada itatuwan goge baki ne a kan ƙwayoyin cuta sa'ad da suka lura cewa saiwar fasaƙwari tana yin wani abu ga jinin da ke kan farantin, abin da ya kai su ga binciken ciwon sikila.

Amma tanin, saboda halinsa na kamawa, ba ya shiga jini sosai. Yana aiki a inda ya taɓa. Taifot kuwa cikin jini take, ciwon haƙarƙari yana cikin huhu, sanƙarau yana cikin ruwan da yake kewaye da ƙwaƙwalwa, duk bagaruwa ba ta isa can. Ga kuma wani abu da matan zumunta ya kamata su riƙe: tanin yana kama sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci da cikin ƙwayar ƙarin jini, ya hana jiki ɗauka. Mai ciki da aka ce jininta ya yi ƙasa, in tana bin ƙwayar asibiti da jiƙo mai bauri, tana rushe abin da take ginawa.

Duniya tana bukatar sababbin magungunan bakteriya ƙwarai. Wani babban lissafi da aka buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in an kwatanta da yawan jama'a. Muna da hannu a ciki, mu da muke sayen kafso biyu a kemis mu haɗiya mu bar sauran. Don haka binciken itatuwan nan ba wasa ba ne. Sai dai hanyar daga farantin gwaji zuwa kwalabar magani doguwa ce, tana cin shekaru da kuɗi, yawancin binciken jami'o'inmu kuwa a farantin yake ƙarewa, a rubuta, a ba da digiri, a ajiye a kanta. Ni dai a ganina nan ne gwamnati da attajiranmu suka gaza.

Ba wai ba za a iya ba. Cibiyar binciken haɗa magunguna ta ƙasa da ke Abuja, wato NIPRD, a zamanin shugabancin Farfesa Charles Wambebe cikin shekarun 1990, ta karɓi wani haɗin maganin sikila daga hannun wani fasto mai ilimin itatuwa a Oyo, Rabaran Paul Ogunyale. Aka auna, aka gwada a kan dabbobi, aka gwada a kan marasa lafiya, aka fitar da Niprisan. Cikin kayan haɗin har da masoro da kanumfari da karan dafi, waɗanda duk ana samunsu a Kurmi. Faston bai ɓoye iliminsa ba, masanan kuma ba su raina shi ba.

Bincike yana kuma tsare mu daga ruɗin kai. A 2013 waɗansu masana suka ba da sanarwa cewa sun sami tiramadol a cikin saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta mamaki. Shekara guda bayan haka waɗansu masana daga Jamus suka bi sawu, suka ba da shaida cewa mutanen yankin suna sha suna kuma ba shanun noma wannan ƙwaya, ita ce take bi ta fitsari ta shiga ƙasa, saiwar ta tsotse. Itace yana shan abin da yake ƙarƙashinsa, mai saye a kasuwa kuwa bai san inda aka haƙo ba.

Sa'ad da yaro ya yi zafi

Maganin zazzaɓin da asibiti take bayarwa yau, shi ma daga tsiro yake, ko da yake ba itace ba ne, ɗan ƙaramin tsiro ne na ƙasar Sin. Wata masaniya, Tu Youyou, ta bi tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu, ta lura cewa wani marubuci na ƙarni na 4 ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse, bai ce a dafa ba. Ta gane cewa wuta tana lalata abin da ake nema, ta sake hanyar tacewa, a 1972 tawagarta ta ware atimisinin. An ba ta kyautar Nobel a 2015. Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma ga haɗin atimisinin a 2005, bayan ƙwayar zazzaɓi ta daina jin kulorokwin. Coartem da ire-irensa daga nan suke.

Tazargade da ake sayarwa a kasuwa dangin wannan tsiro ne, amma dangin yana da iri ɗaruruwa, ba duka suke da atimisinin ba. Ko ainihin tsiron ma, wanda waɗansu ƙungiyoyin Kirista suka yaɗa shukarsa da kyakkyawar niyya don a riƙa yin shayi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2019 cewa ba ta goyon bayan shansa a matsayin magani. Dalilinta shi ne, shayin ba ya ƙunsar adadin da ya isa, zazzaɓin yakan lafa ya komo, ƙwayoyin da suka tsira kuma su ne suke koyon jure magani. An riga an ga alamun wannan juriya a Ruwanda da Yuganda da Eritriya. In ta iso mu, ba mu da wani maganin da ya kai wannan a ajiye.

Lissafin Hukumar ya ce a 2023 mutum miliyan 263 suka kamu da zazzaɓin cizon sauro a duniya, 597,000 suka mutu. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar 'yan Nijeriya ne, kusan kashi uku cikin goma na mamatan kuma namu ne, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da yake kashe yaran nan sau da yawa jinkiri ne. Ran farko a ba shi jiƙo, ran na biyu a yi sirace, ran na uku a kira dattawa su yi addu'a, ran na huɗu a ruga asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibitin Murtala da yaro wanda tafin hannunsa ya yi fari fat. Addu'a wajibi ce, amma ana iya yinta a kan hanyar asibiti. Gwajin jini na ɗan yatsa ba ya wuce minti 20. Yaron da yake amayar da kome, ko ya ƙi nono, ko yana jijjiga, ko barci ya danne shi ba ya farkawa, allura yake bukata a ranar. Wani gwaji da aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Ilorin, wanda aka buga a 2010, ya nuna allurar atesunet ta rage mutuwa da fiye da kashi ɗaya cikin biyar in an kwatanta da kwinin kansa.

A kiyaye kuma da ɗura wa jarirai man darbejiya. Likitoci a Maleshiya da Indiya sun rubuta tun 1981 yadda ɗan kaɗan daga cikinsa ya jawo wa jarirai amai da jijjiga da suma. Mai sayen maganin gargajiya na kwalba kuma ya karanta takardar jikinta da kyau. Lambar hukumar NAFDAC a kan irin wannan magani tana nufin an duba cewa ba shi da guba a fili, amma akan rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance abin da mai maganin ya ce yana warkarwa ba. Ƙwayoyin rigakafi da ma'aikata suke bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata na damina, waɗannan an gwada su, a buɗe musu ƙofa.

Akwai kuma hakkin itatuwan a kanmu. Duk mai bin titunan Kano da Zariya ya ga maɗatan da aka sassaƙe har iyakar inda hannu ya kai. In aka zagaye gindin itace da sassaƙa, an yanke hanyar abincinsa, zai bushe a tsaye. Tun 1998 aka sa maɗaci cikin jerin itatuwan duniya da suke fuskantar barazana. Majami'u da yawa suna da fili a harabarsu da makarantunsu, maɗaci da marke da bagaruwa kuwa ba sa bukatar ban ruwa mai yawa in sun kama.

A watan Disamba na 2024 Nijeriya ta fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, aka soma da jihohin Kebbi da Bayelsa. A cikin kowace allura akwai wani sinadari da aikinsa shi ne ya zaburar da garkuwar jiki ta karɓi rigakafin da ƙarfi. Ana tace shi ne daga ɓawon wani itace na ƙasar Chile mai suna kwilaja, wanda mutanen can suka daɗe suna jiƙawa don yana kumfa kamar sabulu, suna wanke tufafi da gashin kai da shi.